Ragon da Inna Ta Nuna

Ni ban taso da son dabba ba. A gidanmu akuya jari ce, kaza kuma miyar baƙo. In na ga mace tana yi wa kyanwa magana, sai in ce wannan ba ta da aikin yi. Na faɗi haka ne don a san irin matar da ke ba da labarin. Rubutun ma da girmana na koye shi, a ajin manya, da furfura a kaina, kuma ba a koya mini ƙawata magana ba.

A unguwar Miskine muke zaune kafin tashin hankalin. Maigidana tela ne, kekensa a bakin titi, Musulmi da Kirista duk shi ke yi musu ɗinkin biki. Mutum ne mai surutu. In ka kawo masa gyaran wando kana sauri, ka shiga uku, sai ya ba ka labarin kakansa da Hausa, ya maimaita da Sango, yaren garin, ya rufe da Faransancinsa na kasuwa.

Lokacin da masu adda suka shigo unguwar, mun riga mun tsallaka zuwa unguwar Musulmi ta Kilomita Biyar, da muke kira Sankilo, ni da 'yan matana da Inna, uwar mijina. Gidan ƙaninsa muka sauka. Maigidana da ɗanmu na fari suka koma ɗauko kan keke, don da shi muke ci. A shinge aka tare su. Shi aka bar shi ya wuce, saboda ɗaya daga cikin masu shingen ya gane shi, ya taɓa ɗinka masa kayan makaranta. Yaron ba a bar shi ba. A gaban idonsa aka yi. Ba daga bakinsa na ji wannan ba, wata maƙwabciyarmu ce da ta leƙa ta taga ta aiko mini da shi daga baya. Shi dai ya iso da kan keken a kafaɗa, ya ajiye a tsakar gida a hankali, ya je gindin bango ya zauna. Gawa ba mu samu ba.

Daga ranar ya daina magana. Ba kuka, ba salati, ba komai. In an miƙa masa abinci sai ya kalli kwanon kamar bai san amfaninsa ba, sai na zauna na ba shi a baki. Hannuwansa suna rawa. In an yi harbi sai ya ƙame, idonsa a buɗe, fitsari ya zubo. Mun yi rubutu, mun yi tofi, mun yi hayaƙi har gidan ya koma kamar wurin gasa kifi. Na ja shi zuwa wani ƙaramin asibiti da ke cikin unguwar, ma'aikaciyar ta ɗaura masa abin awo a hannu, ta ce jininsa ya hau ƙwarai, ta ba mu ƙwayoyi. Ta ce na jinin za ta iya, na zuciyar ba ta da shi.

A lokacin Sankilo ta zama keji. Ba ka fita, in ka fita ba ka dawowa. Titin Koudoukou da ba a iya tsallakawa saboda babura ya koma fili. Ko maƙabarta ba mu iya kaiwa, a cikin gidaje ake binne mutane. Harabar babban masallaci ta cika da waɗanda suka gudo daga ƙauyuka, ni kuma can nake kai ƙosai da safe, don wani ya ci mu ma mu ci.

A can wata Bafillatana ta riƙe mini zane. Tana da ɗan rago a cinya, fari da baƙin kunne ɗaya, ƙafafunsa kamar tsinken tsire. Ta ce uwarsa ta mutu a hanya, ita kuma ko 'ya'yanta ba ta da abin ba su. Na ba ta ƙosan da ya rage na ɗauke shi. Lissafina nama ne. Na ce in ya rayu mun samu na Layya, in ya mutu ba a yi asarar komai ba.

Inuwa ɗaya ce a gidan, ta gindin bangon nan, don haka nan na ɗaure shi, kusa da Malam, maigidan nawa. Na huda murfin robar lemo na cusa tsumma, ina dama masa madarar gari. Kuka yake yi ba dare ba rana. Ƙanin mijina ya ce mini, "Kumanda, ba mu isa da bindiga ba sai kin ƙaro mana jiniya?" Kumanda yake ce mini, wai don na fi shugabansu na 'yan tsaron unguwa tsawa.

A cikin kwanakin nan ne Inna ta idar da la'asar a tsakar gida, ta ɗaga hannu, ta nuna ɗan ragon da carbinta.

"Ya Allah, ga bakance na yi. Ranar da ɗana ya tafi masallacin Juma'a da ƙafarsa, ya gaisa da mutane da bakinsa, wannan ragon sadaka ne."

Muka ce amin, har da ni. Me za a ce? Tsohuwa ce da ba ta da komai a duniya, ta ga abu ɗaya mai rai a gidan, ta yi wa Ubangiji alkawari da shi. Haka ake yi a wurinmu. In Allah ya biya maka buƙata, kai ma ka cika abin da ka ɗauka. Malam yana zaune a wurin, amma lokacin ko tsawa aka yi ba ya ji.

Wata safiya na dama madarar na ajiye, sai man ƙosai ya kama da wuta, na ruga. Da na kashe wutar na lura kukan ya tsaya. Na leƙo. Ɗan ragon yana tsakanin ƙafafun Malam, robar tana hannunsa, hannun yana rawa, madarar tana zuba a wandonsa, amma yana riƙe. Na koma wurin ƙosaina. Washegari na dama na ajiye a gefensa na yi tafiyata. Haka muka ci gaba.

Maganar farko da ya yi mini, bayan duk watannin nan, ba sunana ba ce, ba kuma ta ɗansa ba. Na ajiye robar na juya, sai na ji wata murya a shaƙe a bayana.

"Ta yi zafi."

Na tsaya. Na ce, "Me ka ce?"

"Madarar. Za ta ƙona masa baki."

"To sannu, likitan tumaki. Ni da nake ba ka tuwo a baki ba ka taɓa cewa ya yi zafi ba."

Na ɗauki robar na shige kicin, na cusa bakin zanena a baki don kada a ji ni. Inna tana ɗaki ta ji shi, ta fito tana kabbara.

Rago ba ya zama a kan madara har abada. Ya fara neman ciyawa, a Sankilo kuma ba makiyaya. Da gangan na ƙi nemowa. Na ce ina da ƙosai, ina da wanki, ina da majinyaci, ba zan ƙara da kiwo ba. Ragon ya yi ta kuka yana cin igiyarsa. Malam ya kalle ni, na kalli tukunyata. Sai ya dafa bango ya miƙe. Ranar bakin ƙofa kawai ya kai, ya tsinko abin da ya tsiro a gefen kwata. Daga baya ya kai ƙarshen lungu. Daga baya ya riƙa zuwa wurin mata masu sayar da ganyen rogo, yana karɓo wanda ya yi yaushi, da ɓawon ayaba. Dole ya buɗe baki ya roƙa, dole ya ce na gode. Ragon yana biye da shi ba igiya, yana tafiya yana ɗaga kai kamar shi ya gina unguwar. Shi ya sa ya sa masa Mai Unguwa.

'Yan babur suna yi masa tsiya. "Tela, wa ke kiwon wani a cikinku?"

Sai ya ce, "Ku gaida manya tukuna."

Ya fara cin abinci da hannunsa, don sai ya ci zai rage wa Mai Unguwa. Yana yi masa wanka da sabulun wankina, ya tsane shi da tsumma, ya bi gashinsa da tsohon mataji. In harbi ya tashi, ragon yakan firgita ya tura kai cikin hammatarsa, shi kuma ya rungume shi yana cewa, "Ba komai, ba nan ba ne, can gada ne." Mutumin da harbi ke sa shi fitsari a wando, ga shi yana lallashin wani. Rawar hannun ta ragu. Wata rana ya sa aka ɗora masa kan keken a kan tebur, ya zuba mai, ya ɗinka wa ragon abin wuya da ƙyallen atamfa. Bayan wannan ya ɗinke wa ƙaramar 'yarmu siket ɗinta da ya yage.

Da rana tsaka, mutanen gida suna barci, na taɓa jin shi yana yi wa ragon magana da Sango, ƙasa-ƙasa. Labarin shingen yake ba shi. Abin da yaron ya sa a ranar, da abin da ya ce, da yadda ya kira shi. Ina bayan ƙofa da tsintsiya a hannu. Ni uwar yaron ce, ban taɓa jin wannan daga bakinsa ba, kuma bai taɓa faɗa mini ba har yau. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Amma da ya gama ya share fuska, ya tashi ya yi alwala ya yi azahar, sallar farko da na ga ya yi a tsaye.

Da muka koma asibiti, ma'aikaciyar ta auna shi, ta sake aunawa.

"Madam, me kika canja masa?"

Na ce, "Rago."

Ta yi dariya, ta ga ban yi ba. Na ba ta labari. Ta ce, "To ƙwayoyin ya ci gaba da sha. Ragon kuma kada a raba su."

Lokacin ƙaho ya fito, ragon ya cika, duk wanda ya shigo gidan sai ya taɓa bayansa ya ce ma sha Allah. Wata Laraba Malam ya ce mini, "Ki wanke mini babbar rigata. Jibi zan je masallaci."

Na ce to. Sai da na tsoma rigar a ruwa maganar Inna ta faɗo mini. Na bar wankin na same ta a ɗaki tana jan carbi.

"Inna, batun bakancen nan."

"Ina sane, 'yar nan. Na gaya wa ƙaninsa ya wasa wuƙa."

"Ba za a yanka ragon nan ba."

Ta ajiye carbin. "Ke kika yi alkawarin ko ni?"

"Inna, ragon nan shi ya tashe shi. Kina gani da idonki."

"A'uzubillahi! Rago ke tashin mutum? Allah ya tashe shi, don na roƙa. Ki iya bakinki."

"Allah ya tashe shi, na yarda. Da me ya tashe shi? Da rubutun da muka ɗura masa, ko da hayaƙin da ya kusa kashe mu?"

"Na roƙa, an ba ni. In na ci alkawari, wanda ya ba ni zai karɓe. Jikana ya tafi. Kina so ɗana ma ya bi shi?"

Ba mugunta ba ce, tsoro ne. Ni ma tsoron nake ji, kowace da nata. Na ce to a yanka wani ragon a madadinsa. Ta ce wannan ta nuna. Muka aika aka tambayi malamin da ke ba mu rubutu, ya ce tunda ta nuna shi da hannunta ta ce wannan, to shi ne. Na ce malamin bai taɓa ba ƙato tuwo a baki ba. Ƙanin mijina ya ce, "Kumanda, ki ji tsoron Allah. Dabba ce fa. In an yanka sai a sayo masa wata, har biyu."

Na yi tunanin gaya wa Malam. Amma me zan ce masa? Zaɓi tsakanin uwarka da ragonka, tsakanin masallaci da ragonka? Mutumin da jiya-jiya ya koyi riƙe cokali. In ya ji, zai fasa fita, ya koma gindin bango, Inna ta ce ni na hana shi sallah. Na koma wurinta na durƙusa, abin da ban saba ba. Na ce ta ba ni zuwa yammacin Juma'a in kawo wani, mu sake tambayar wani malamin. Ta kawar da kai ta ce, "Je ki nemo mu gani." Na ɗauka ta yarda.

Ranar Juma'a tun da safe na cire 'yan kunnena na fita. Hanyoyin da dabbobi ke shigowa a rufe suke, rago ya zama abin nema. Na bi gida-gida. Wanda ke da shi ba ya sayarwa, yana jiran Layya. A can ƙarshen unguwa, kusa da inda ba ma wucewa, na samu wani ramamme mai tari. Na karɓa. Ina janyo shi aka fara harbi a bakin gada, wasu mata suka ja ni cikin gidansu, na zauna da ragon mutane a soro ina jin huɗuba daga nesa. Da abin ya lafa na fito da gudu, ragon yana turjewa, ina zaginsa ina zagin uwarsa.

Tun daga lungu na ga ruwan kwatarmu ja.

Ashe ƙanin mijina yana ganin yayansa ya shiga sahu, ana yin sallama ya hau babur ya riga kowa gida, kamar yadda Inna ta umarce shi. Na shiga na tarar har an feɗe. Fatar tana shimfiɗe a tsakar gida, nama kashi-kashi a faranti za a kai wa mutanen harabar masallaci. Kan yana gefe, da baƙin kunnen. Abin wuyan atamfar an rataye shi a ƙusa.

Abin da na faɗa wa ƙanin mijina ba zan rubuta ba. Inna kuma tana kan tabarma tana cewa alhamdulillahi, na sauke, na sauke.

Malam ya daɗe bai dawo ba, don kowa a masallaci sai da ya riƙe hannunsa. Muka ji sallamarsa daga waje, da ƙarfi, irin ta da. Ya shigo da babbar riga, da dariya a fuskarsa, da damin ganyen rogo a hammata.

"Ina Mai Unguwa? Yau har liman ya tambaye..."

Ya ga fatar. Ya ga jinin da ba a gama wankewa ba, da wuƙar a hannun ƙaninsa. Na tare gabansa na ce, "Malam, zo mu shiga ɗaki." Bai ji ni ba. Inna ta ce, "Bakance ne, ɗana. Don kai na yi. Allah ya karɓa." Ya dube ta. Ya sunkuya ya ajiye ganyen kusa da kan ragon, ya gyara shi da hannu, ya je gindin bango ya zauna da babbar rigarsa.

Na kawo masa ramammen da na sayo na ɗaure a gabansa. Ko kallonsa bai yi ba. Na bar shi da yunwa ya yi ta kuka, ko zai motsa. Bai motsa ba. Daga baya na samo ɗan akuya, na samo kyanwa, wani ya ba ni tantabaru. Ƙaninsa da kansa ya kawo ɗan rago fari, ya ajiye, ya fita yana share ido. Ba ko ɗaya da ya miƙa wa hannu. Ma'aikaciyar asibiti ta ce wataƙila yana tsoron ya sake son wani abu a gidan. Ban sani ba. Ni dai na san ya daina cin abinci sai an ba shi, ya daina haɗiye ƙwayoyin, yana tara su a kumatu ya tofar. Kafin damina ta fita ya faɗi a bakin banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye.

Yanzu an buɗe hanyoyi, ana rufewa, ana sake buɗewa. Babura sun dawo Titin Koudoukou. Raguna suna shigowa mota-mota kafin Layya. Mutanen da suka gudu wasu sun dawo, suna zuwa gaishe shi, su ce Tela, ka gane ni? Yana kallon bango.

Ƙaninsa ya tafi Kamaru da iyalinsa, 'yan matana sun yi aure. Gidan ya rage ni da Inna da shi. Ta tsufa ƙwarai, amma ba wanda zai taya ni ɗaga shi sai ita. Kullum da hantsi muke fito da shi mu yi masa wanka, ni in kama kafaɗu, ita ƙafafu. Yana da nauyi, duk da ramar. Kwanan baya muna cikin haka ta tsaya, tana haki, ta ce mini, "'Yar nan, na yi alkawari na cika. Me na yi ba daidai ba?"

Ina da amsa, na daɗe da ita a bakina. Na dubi tsofaffin hannuwanta a idon sawunsa.

Na ce, "Inna, riƙe da kyau. Ruwan yana hucewa."